Dariyar Aro: Hannun Ɓoye Da Ke Juya Zukatan Masu Kallon Talabijin

Duk wanda ya taɓa zama gaban akwatin talabijin yana kallon wasannin kwaikwayo na ban dariya irin waɗanda a ke shiryawa a Amurka da Ingila da Faransa, ya san wani abu guda da ba ya rabuwa da su. Da zarar ɗan wasa ya saki wata magana, ko ya yi tuntuɓe, ko ya murtuke fuska, sai a ji taron jama'a sun tuntsire da dariya, alhali kuwa idon mai kallo bai ga kowa cikin ɗakin ba in ban da ƴan wasa biyu ko uku. Wasan Mr Bean, wanda tashar ITV ta Ingila ta fara nunawa ran 1 ga watan Janairu na shekara ta 1990, ya isa misali. Mai wasan, Rowan Atkinson, da ƙyar ya ke furta kalma, amma dariyar mutanen ɓoye tana biye da shi tun daga farko har ƙarshe. Yawancin masu kallo sun saba da wannan sauti har sun daina lura da shi, abin da kunne ya daina tuhuma kuwa shi ne ke shiga zuciya ba sallama.

Wannan dariya, ko ta mutanen da suka halarci wurin ɗaukar wasan ce, ko kuwa wadda aka ɗauko daga ajiya, ba ta isa kunnen mai kallo sai ta ratsa ta hannun wani ma'aikaci da ba a cika jin sunansa ba, watau mai haɗa sauti. Shi ne ke yanke inda za ta fara, da tsawonta, da ƙarfinta, da kuma wurin da za a hana ta fita gaba ɗaya. Ta wannan hanya ya ke gaya ma mai kallo lokacin da zai saki jiki da lokacin da zai shiga taitayinsa. Tarihin wannan sana'a, wanda ya haura shekara 70, ya nuna cewa ikon mai haɗa sauti ya fi bayyana a wurin da ya janye dariyar ya bar mai kallo shi kaɗai da abin da ya gani.

TUN KAFIN A SAN TALABIJIN

Dabarar saye ma wasa dariya ta girmi wutar lantarki. A birnin Paris, cikin shekara ta 1820, aka buɗe wani kamfani wanda aikinsa shi ne samar ma gidajen wasan kwaikwayo mutanen haya da za su zauna cikin ƴan kallo. Faransawa suna kiran wannan ƙungiya «claque», kuma an raba masu aiki daki-daki: akwai masu tafi, akwai masu dariya a wurin da aka nuna masu, akwai mata masu share hawaye da ƙyalle, akwai masu ihun a maimaita waƙa. Shugabansu ya kan halarci gwajin wasan tun kafin ranar buɗewa domin ya san gurbin kowane tafi. Mai karatu da ya san aikin sanƙira da ƴan amshi a gaban makaɗi ba zai yi mamakin wannan ba, domin ko'ina a duniya an san taro ba ya ɗumi sai wani ya fara hura masa wuta.

Da rediyo ya zo, sai matsalar ta sake kama. Mai saurare yana zaune cikin ɗakinsa, ba taro a gefensa, saboda haka gidajen rediyon Amurka suka riƙa gayyato jama'a cikin ɗakin shiri domin a ji dariyarsu ta iska. A ƙarshen yaƙin duniya na biyu, cikin shekara ta 1945, wani injiniyan sojan Amurka mai suna Jack Mullin ya samo a Jamus na'urori biyu na ɗaukar magana bisa tef, kuma tun daga shekara ta 1947 mawaƙi Bing Crosby ya fara amfani da su wajen ɗaukar shirinsa na rediyo. Mullin da kansa ya ba da labarin cewa wata rana wani ɗan barkwanci, Bob Burns, ya zuba labarai masu ɗan batsa waɗanda suka sa ƴan kallo dariya har da riƙe ciki. Ba shi yiwuwa a watsa labaran, sai aka yanke su, amma marubucin shirin, Bill Morrow, ya ce a ajiye dariyar. Bayan ƴan makwanni aka yi wani shiri da bai yi armashi ba, sai aka ɗauko waccan dariya aka liƙa masa. Tun daga ranar, dariya ta zama kayan da a ke iya ajiyewa a ɗauko, kamar hatsi cikin rumbu.

AKWATIN DOUGLASS

A talabijin, wasan farko da aka sa ma dariyar aro shi ne The Hank McCune Show, wanda tashar NBC ta nuna cikin shekara ta 1950. Amma mutumin da ya mai da abin sana'a shi ne Charles Douglass, injiniyan sauti na tashar CBS, wanda aka haifa a ƙasar Meziko cikin shekara ta 1910. Douglass ya lura cewa ƴan kallo na gaske ba su da tabbas. Wani lokaci su yi dariya tun maganar ba ta ƙare ba, wani lokaci su yi gum a wurin da marubuci ya fi sa rai, wani lokaci kuma su zarce har su ci lokacin shiri. Ya fara da gyara irin wannan giɓi, yana ƙara kaɗan nan, yana rage kaɗan can. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki da wata kalma mai ma'anar sa ma abu sukari.

Cikin shekara ta 1953 ya ƙera na'urarsa. Akwati ne wanda tsayinsa ya ɗan haura santimita 60, yana da maɓallai irin na keken rubutu, da abin takawa da ƙafa wanda ke ƙayyade tsawon dariya. A ciki akwai zoben tef 32, kowane zobe ɗauke da dariya 10, watau dariya 320 ke nan: ta maza da ta mata, ƙyaƙyatawa da ɗan murmushi mai sauti, dariyar wanda abin ya zo masa ba zato da ta wanda ya makara wajen ganewa. Douglass ya kan kaɗa maɓallan kamar mai kaɗa molo, ya haɗa uku ko huɗu lokaci guda, ta yadda dariyar ba za ta fito iri ɗaya sau biyu a jere ba. Ya ɗebo da yawa daga cikin muryoyin daga wasannin bebanci na shirin Red Skelton, inda ba a magana, saboda haka dariyar ta fito tsab ba tare da kalmar kowa ta gauraya da ita ba.

Akwatin ya kan kasance a kulle da kwaɗo, ba mai ganin cikinsa sai iyalin gidansa. Tun daga ƙarshen shekarun 1950 har cikin shekarun 1970, kusan duk wasan ban dariya na Amurka da ke bukatar dariyar aro sai ya bi ta hannun wannan iyali. Har zanen yara mai motsi bai tsira ba, domin The Flintstones, wanda ya fito cikin shekara ta 1960, da dariyar taro ya zo, ko da ya ke ba mai hankalin da zai zaci jama'a sun zauna gaban zane suna kallonsa lokacin da a ke zana shi. Tun da kuma a kan yi shekaru ana maimaita muryoyi guda, ba makawa wasu daga cikin masu dariyar sun ci gaba da yi ma sababbin wasanni dariya bayan ƙasa ta rufe idonsu. Douglass ya rasu cikin shekara ta 2003, kuma cikin shekara ta 2010 akwatin nasa ya ɓulla a wani shirin talabijin na kimanta tsofaffin kaya, inda aka yi masa kuɗi dalar Amurka 10,000.

Dalilin da ya sa masu tashoshi suka riƙe wannan dabara hannu biyu ya fito fili cikin shekara ta 1965. Tashar CBS ta gwada kashin farko na wasan Hogan's Heroes, labarin fursunonin yaƙi a wani sansanin Jamus, ga rukuni biyu na masu kallo. Aka nuna ma rukuni ɗaya da dariya, ɗayan kuwa babu. Waɗanda suka ji dariya sun yaba wasan, waɗanda ba su ji ba suka rasa inda ya dosa. Hoto ɗaya ne, magana ɗaya ce, sauti kawai aka sauya.

ABIN DA KE FARUWA A TEBURIN HAƊA SAUTI

Sautin kowane wasa igiya huɗu ce a ke tufkawa wuri guda: maganar ƴan wasa, da kiɗa, da ƙarar abubuwa kamar rufe ƙofa ko takun takalmi, sa'an nan muryar ƴan kallo. Kowace igiya tana da nata layi a teburin haɗa sauti, da nata madanni da a ke turawa sama ko ƙasa. Ƙa'idar farko ita ce magana ce sarauniya. In dariya ta danne kalmar ƙarshe ta barkwanci, to, an yi asarar barkwancin, in kuma ta makara da ko da rabin daƙiƙa, kunne zai ji alamar ƙarya.

Dariyar taro tana da siffa irin ta guguwa: ta taso, ta kai ƙololuwa, ta lafa. Gogaggen ɗan wasa ya kan dakata har ta fara lafawa, sa'an nan ya jefa maganarsa ta gaba kafin ta mutu. Mai haɗa sauti kuwa ya kan sauke wutsiyar dariyar a hankali ƙarƙashin wannan sabuwar magana, don kada a ji wurin yanka. Har shirun da ke tsakanin magana da magana ba a barinsa fanko. A kan shimfiɗa masa ɗan motsin ɗaki, irin su gyaran zama da numfashin jama'a, domin in aka yanke sauti ƙaf, mai kallo zai zaci akwatinsa ne ya lalace.

Kada a ɗauka cewa wasan da aka yi gaban ƴan kallo na gaske ya kuɓuta daga wannan hannu. Tsarin ɗaukar wasa da kyamara uku gaban jama'a ya kafu ne da wasan I Love Lucy cikin shekara ta 1951, kuma shi ne Friends ya bi daga 1994 zuwa 2004, da The Big Bang Theory daga 2007 zuwa 2019. A kan zaunar da mutum 200 zuwa 300 bisa benci, a rataye makirfo da dama bisa kawunansu, a ɗauko wani ɗan barkwanci na musamman wanda aikinsa shi ne hana su gajiya tsakanin fitowa da fitowa. Wasan da zai ci minti 22 a akwati ya kan ci awoyi wajen ɗauka, kuma a kan maimaita fitowa guda sau da yawa. Barkwancin da ya kashe mutane da dariya a karo na farko ba zai yi haka a karo na huɗu ba, alhali wataƙila na huɗun ne ƴan wasa suka fi yi da kyau. Sai mai haɗa sauti ya ɗauko dariyar karo na farko ya ɗora bisa hoton karo na huɗu. Wani lokaci kuma ragewa a ke yi. A wani kashi na I Love Lucy na shekara ta 1957, inda Lucy ta yi rawa da ƙwai ɓoye cikin rigarta har suka fashe, jama'a sun yi dariya ta daƙiƙa 65, sai da aka datse wani sashe nata.

Ban da dariya, akwai sauran muryoyin taro da a ke sarrafawa: gunagunin tausayi in yaro ya faɗi magana mai taɓa zuciya, da sowa in masoya suka sasanta, da tafi in wani fitaccen ɗan wasa ya shigo. Kowane ɗaya umurni ne a fakaice game da abin da ya kamata mai kallo ya ji a ransa.

ME YA SA TA KE KAMA MUTUM

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna bin diddigin wannan al'amari. Robert Provine, malami a Jami'ar Maryland ta Amurka, ya bi mutane cikin kasuwanni da hanyoyi ya rubuta yanayin dariya 1,200. Ya gano cewa mutum ya fi yin dariya wajen ninki 30 in yana cikin jama'a bisa ga in yana shi kaɗai, kuma mafi yawan dariyar ba ta biyo bayan wani barkwanci ba, magana ce ta yau da kullum ke jawo ta. Ya kuma lura cewa dariya kusan kullum a ƙarshen jimla ta ke faɗowa, kamar aya cikin rubutu. Ma'anar wannan ita ce dariya alama ce ta zumunci kafin ta zama hukunci bisa daɗin magana. Abin da akwatin Douglass ke sayar ma mutumin da ke zaune shi kaɗai cikin ɗaki shi ne abokan zama.

Cikin shekara ta 2019, wani rukunin masana na University College ta birnin Landan, wanda Sophie Scott ke ciki, suka sa wani ɗan barkwanci ya karanta barkwanci 40 waɗanda da gangan aka zaɓo marasa ƙarfi, suka saurarar da mutum 72. Duk barkwancin da aka liƙa ma dariya ya sami maki fiye da yadda ya samu ba ita, kuma dariyar da ta kuɓuce ma mai ita da gaske ta fi wadda aka yi da gangan tasiri. Wannan ya gaskata abin da masu haɗa sauti suka sani da kunnensu tun tuni, cewa kunnen ɗan Adam yana rarrabe dariyar zuci da ta fatar baki.

Amma kamun nata yana da iyaka. A wani bincike na shekara ta 2005 a Jami'ar La Trobe ta ƙasar Ostareliya, an saurarar da ɗalibai wani ɗan barkwanci tare da dariyar taro. Aka gaya ma wasu cewa masu dariyar ƴan uwansu ɗalibai ne, aka gaya ma wasu cewa magoya bayan wata jam'iyyar siyasa ce da ɗaliban ba su so. Na farkon suka yi dariya sosai, na biyun kuwa dariyar taron ba ta ɗauke su ba. Ashe mutum ba ya bin kowace dariya sai ta waɗanda ya ɗauka nasa ne, shi ya sa a ke ɓoye fuskokin masu dariyar talabijin, kowa ya zata irinsa ne.

ASIBITIN DA AKA HANA MA DARIYA SHIGA

Babu wasan da ya nuna nauyin wannan al'amari kamar M*A*S*H, wanda tashar CBS ta nuna daga shekara ta 1972 zuwa ta 1983. Labari ne na likitocin fiɗa a wani asibitin soja na tafi-da-gidanka lokacin yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, mutanen da ke fakewa da barkwanci domin kada ganin jinin samari ya haukata su. Ba a gaban jama'a aka ɗauke shi ba, an ɗauke shi ne kamar fim, wani sashe cikin ɗaki, wani sashe cikin duwatsun Kalifoniya. Masu shirya shi, Larry Gelbart da Gene Reynolds, ba su so a sa masa dariyar aro ba ko kaɗan, bisa hujjar cewa babu ƴan kallo a bakin daga. Shugabannin tashar suka ƙi, domin a ganinsu wasan ban dariya na rabin awa ba ya tafiya ba ita. Daga ƙarshe aka yi sulhu bisa sharaɗi guda: za a sa dariya ko'ina, amma ban da cikin ɗakin fiɗa.

Wannan sharaɗi, wanda aka yi don kashe gardama, shi ya zama ƙashin bayan wasan. Likitocin ba su daina barkwanci cikin ɗakin fiɗa ba, sai dai a can ba mai amsa masu. Maganar da za ta jawo ƙyaƙyatawa cikin tantin kwana, in aka faɗe ta bisa kan yaron da aka buɗe ma ciki, sai ta faɗi ƙasa, a ji ƙarar almakashi da na'urar numfashi kawai. Ba tare da an yi masa bayani ba, mai kallo ya koyi cewa wasan yana da ɗaki biyu, ɗaya na wasa, ɗaya na gaskiya, kuma kunnensa ne ke gaya masa wanda ya shiga.

Ran 18 ga watan Maris na shekara ta 1975 aka ci amfanin wannan horo. A kashin ƙarshe na zango na uku, an sallami shugaban asibitin, Kanar Henry Blake, zai koma gida wurin iyalinsa. Aka yi bankwana cikin raha da dariya kamar yadda aka saba. Sai fitowa ta ƙarshe ta komo ɗakin fiɗa, ana cikin aiki, magatakardan sansanin, Radar, ya shigo ba ƙyallen rufe baki, ya karanta saƙon cewa an harbo jirgin da ke ɗauke da kanar bisa tekun Japan, ba wanda ya tsira. An ɓoye ma yawancin ƴan wasan wannan shafi na rubutun har zuwa dab da ɗauka. Kyamara ta bi fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya suna ci gaba da fiɗa, ba kiɗa, ba muryar taro, sai ƙarar wani ƙarfen aiki da ya faɗi, wadda aka bari cikin sautin. Wasiƙu masu yawa suka kwararo daga masu kallo, wasu na fushi, wasu na godiya. Da a ce an saba jin dariya cikin wannan ɗaki, ko kuma da ba a taɓa jin ta ko'ina cikin wasan ba, da shirun bai yi wannan nauyi ba. Shekara uku na dariya ne suka ba shi kaifi.

Tashar BBC ta Ingila kuwa ta nuna wasan ba dariyar aro sam, saboda haka mutanen Ingila da na Amurka sun kalli hoto guda amma ba wasa guda suka gani ba. A wurin na farkon, labari ne mai ɗaci wanda barkwanci ke ratsawa, a wurin na biyun kuwa, wasan ban dariya ne wanda baƙin ciki ke kutsowa ciki. A Amurka ma an yi ta rage ƙarfin dariyar shekara bayan shekara, kuma kashin ƙarshe, wanda mutum fiye da miliyan 100 suka kalla ran 28 ga watan Fabrairu na shekara ta 1983, ba a sa masa ita ba. Da aka fitar da wasan bisa faifan DVD, sai aka ba mai saye zaɓi ya kunna dariyar ko ya kashe ta.

Ingila ma tana da nata misali, kuma da wannan Rowan Atkinson na Mr Bean. Wasan Blackadder Goes Forth na BBC labarin sojoji ne cikin ramukan yaƙin duniya na farko, an kuwa yi shi gaban jama'a masu dariya. A kashin ƙarshe, ran 2 ga watan Nuwamba na shekara ta 1989, aka umurci sojojin su fita daga rami su tunkari bindigogi. Hoton da aka ɗauka na wannan fita gajere ne, bai kuma yi kyau ba, sai aka ceto shi a ɗakin gyara: aka rage saurin hoto da na sauti har ƙarar harsashi ta koma kamar tsawa mai nisa, aka sa taken wasan da piyano ɗaya a hankali, sa'an nan filin dagar ya rikiɗe ya zama gonar jajayen furannin da Ingilishi ke tunawa da matattun yaƙi da su. Abin da aka ji daga ƙarshe kukan tsuntsaye ne kawai, ba tafi, ba jerin sunaye.

DARIYA DA WA, DARIYA GA WA

Akwai wani gefe na al'amarin da ya kamata iyaye da malamai su kula da shi. Dariyar taro tana halatta abin da aka faɗa. Zagi ko gori ko wulaƙanta wani saboda ƙabilarsa ko siffar jikinsa, in aka bi shi da dariyar mutum 300, ya kan zama kamar ba kome. Masu sha'awa sun sha cire dariya daga wasu fitowa na Friends da The Big Bang Theory domin gwaji, sai ga mutane suna jifan juna da baƙar magana, sa'an nan su tsaya suna kallon juna shiru. Gaskiya ne cewa wannan gwaji bai yi ma ƴan wasan adalci ba, tun da dakatawar tasu domin dariyar aka yi ta, amma ya tona yawan ɗacin da sautin ke rufewa.

Wasan All in the Family, wanda Norman Lear ya fara cikin shekara ta 1971 gaban ƴan kallo na gaske, an gina shi ne bisa wani magidanci, Archie Bunker, mai ƙyamar baƙaƙen fata da baƙi, da nufin a yi masa dariya a gane wautarsa. Amma binciken da Neil Vidmar da Milton Rokeach suka buga cikin shekara ta 1974 ya nuna cewa masu kallon da ke da irin ra'ayinsa sun fi karkata ga ganin shi ne mai gaskiya. Dariya guda ce ta fito daga akwati, wasu suka ji ana yi masa, wasu suka ji ana taya shi. Mai haɗa sauti yana iya sa mutum dariya, amma ba shi da madannin da zai zaɓa masa ma'anarta.

Ga masu kallon da irin waɗannan wasanni ke iso ma bayan an juya su zuwa Faransanci, akwai ƙarin wata matsala. Mai fassara yana iya sauya magana, amma gurbin dariya yana nan inda aka kafa shi tun asali, daidai da dakatawar ƴan wasa. In barkwancin wasa da kalmomi ne wanda ba ya ƙetare harshe, sai a ji jimla lami ta wuce, taro kuma ya fashe da dariya a kanta. Mai kallo ya kan zargi kansa da rashin ganewa, alhali kuwa barkwancin ne ya mutu a hanya, dariyarsa ta iso ita kaɗai. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

INDA AKA KWANA

Tun daga wajen shekara ta 2000 kasuwar dariyar taro ta fara ja da baya. Malcolm in the Middle cikin 2000, da The Office na Ingila cikin 2001, da Modern Family cikin 2009, duk sun yi nasara ba tare da ita ba. Sai dai aikin da ta ke yi bai ɓace ba, an raba shi ne ga wasu kayan aiki: ɗan kiɗa gajere a ƙarshen fitowa, ko saurin yanka hoto, ko ɗan wasa ya juyo ya kalli kyamara, ko wani dogon shiru na jin kunya wanda aka auna tsawonsa da gangan. Faransa, wadda ta cika gidaje da dariyar aro ta wasan Hélène et les Garçons daga 1992 zuwa 1994, ita ma ta koma ga gajerun wasanni marasa muryar taro. Har yanzu kuwa ana ci gaba da ɗaukar wasu wasanni gaban jama'a a Amurka da Ingila, domin akwai ƴan wasan da ba su samun ƙarfin gwiwa sai sun ji amsar taro.

Abin da ya rage ga mai kallo shi ne ya san cewa duk sautin da ya fito daga akwatin nan wani ne ya zaɓe shi, ya auna shi, ya ajiye shi a wurin da ya ke. Sanin haka ba ya rage daɗin wasa, kamar yadda sanin sirrin miya ba ya hana a ci tuwo. Amfaninsa shi ne, in taron ɓoye ya fashe da dariya bisa wata magana, mutum ya iya tambayar kansa ko da zai yi wannan dariya in da shi da wanda aka faɗa ma maganar ne kaɗai cikin ɗakin. Yaran da ke zaune gaban akwati su ma sun cancanci a koya masu wannan tambaya tun da wuri.